In An Yi Wa Uwargida Aikin Nono, Yaushe Za Ta Koma Ga Taɓarya?

Jama'a, yau filin namu zai ɗan ajiye maganar taki da iri, ya yi sallama ya shiga cikin gida. Kada wani ya ce mun ɓace hanya. Manomi in ya zauna lissafin ƙarfin gandunsa, ya kan ƙidaya kansa, da 'ya'yansa maza, da shanun huɗa in yana da su. Da wuya ka ji ya sa matarsa cikin lissafin. Amma kuwa geron da ya kai rumbu ba ya zama tuwo sai ya bi ta hannunta, tun daga sussuka da sheƙa har surfe da daka da tuƙi. Ita ke jan guga, ita ke ɓarar gyaɗa, ita ke ba awaki dusa. A ƙauyuka da yawa kuma ita ke bin mai sara tana binne iri, ita ke roron wake da tsinkar auduga, ban da 'yar gayaunarta. Duk wannan aikin hannu ne da kafaɗa. To, akwai wata cuta wadda maganinta ke taɓa hannu da kafaɗa sosai, watau ciwon daji na nono, wanda waɗansu ke ce wa sankarar mama.

Cutar nan ba ta Turawa kaɗai ba ce, yadda a ke zato a da. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata wajen miliyan 2.3 aka samu da ita a duniya, 670,000 kuma suka rasu. A Nijeriya ita ce kan gaba cikin ciwon daji duka. Ƙiyasin shekarar nan ta 2022 ya nuna sababbin kamu fiye da 32,000, waɗanda suka rasu fiye da 16,000. A ƙasashe masu arziki kuwa, cikin mata goma da suka kamu, tara suna nan da ransu bayan shekara biyar. Babban abin da ya kawo bambancin shi ne zuwa asibiti da wuri, da samun magani, da gama shi. Wani abu kuma, a wajenmu sau da yawa ta kan kama mace da sauran ƙarfinta, tana cikin shekarunta na arba'in da 'yan kai, lokacin da gida duka ke rataye a wuyanta. Maza ma ba su tsira ba, cikin masu cutar ɗari a kan sami namiji kamar guda.

Ga ra'ayina tun ba mu yi nisa ba. Macen da aka yi wa aikin nan tana iya komawa bakin aikinta, har mai nauyi, ya kuma kamata ta koma. Amma ba ranar da bukatar gida ta ce ba, ba kuwa da nauyin da ta bari ranar da ta tafi asibiti ba. Na ga gida biyu da suka yi kuskure a kan wannan, ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya yi yamma.

Na farko gidanmu ne. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tana kuma da gayauna bayan gari. Aka yi mata aiki a farkon kaka, daidai sa'ad da sabuwar gyaɗa ke shigowa. Likita ya ce ta huta wa aikin ƙarfi mako shida. Ta yi kwana ashirin, ta ga ɗinki ya kama, an cire zare, sai ta aika aka niƙo mata gyaɗa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda a ke fid da mai ya san ba wasa ba ne: a zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa a turmi, a yi ta juyawa da ƙarfi ana yayyafa ruwan zafi, har mai ya taso, sa'an nan a matse tunkuza. Kwana biyu ta yi tana wannan. A na uku ruwa ya taru ƙarƙashin ɗinkin, gefe guda ya buɗe, zazzaɓi ya rufe ta. Da na je duba ta na ce, "Haba Gwaggo, me ya kai ki?" Ta ce, "Kai ɗan nan, masu sayen mai za su zauna jirana ne? In na yi wata biyu ban fid da mai ba, ai sun koma wa wata." Ban sami abin ce mata ba, don gaskiya ta faɗa. Sai dai abin da ta guda shi ya same ta, har da ƙari. Aka koma asibiti, aka zuƙe ruwa, aka yi ta wankin miki, aka kuma ɗaga ranar fara mata maganin da ke biye da aikin, domin ba a fara shi sai miki ya warke. Kakar nan duka ba ta sayar da ko kwalba ɗaya ba.

Gida na biyu na wani abokina ne mai fataucin hatsi, mutum mai hali, mai son iyalinsa. Shi kuwa da aka sallamo matarsa sai ya kafa doka, ko ludayi kada ta ɗauka da hannun nan. Aka rataye mata hannu da gyale a wuya kamar mai karaya. Kowa ya ce madalla da miji. Bayan wata uku sai ga shi ba ta iya ɗaga hannun ta ɗaura ɗankwali, kafaɗa ta sandare. Da lokacin gashi da na'ura ya zo, aka ce ta kwanta ta ɗaga hannu sama da kai, don haka a ke kwanciya a yi shi, ta kasa. Sai da likitan gashin ƙashi ya yi makonni yana fama da kafaɗar, tana hawaye, kafin ta saki.

Don mu gane abin da ya sa duka biyun suka ɓata, sai mu san abin da likita ke yi. Ko dai ya cire ƙarin da ɗan naman da ke kewaye da shi, ko ya cire nonon duka. Wannan shi kowa ke gani, shi ke kuma ba mutane tsoro. Amma abin da ya fi shafar aikin hannu yana cikin hamata. Kun san kaluluwa, wadda ta kan fito wa mutum a hamata ko a matsematsi in ya ji ciwo a yatsa? To, waɗannan 'yan ƙwayoyi kowa na da su, kumburinsu ne kawai ke sa mu san da su. Ban da jini, akwai wani farin ruwa da ke tsattsafowa cikin naman jiki, yana bin waɗansu siraran hanyoyi, ya ratsa ta cikin kaluluwa a tace shi, sa'an nan ya koma cikin jini. Ruwan hannu duka ta hamata ya ke bi. Cutar ita ma in za ta yaɗu ta nan ta kan fara, shi ya sa likita ke cire su. In an zo da wuri, a waɗansu asibitoci a kan cire ɗaya ko biyu ko uku a duba. In an makara, kamar yadda yawancin namu ke yi, sai a kwashe da yawa.

Mai lambu ya fi kowa saurin fahimtar sauran bayanin. In ka toshe rabin magudanan da ke fid da ruwa daga fangali, ka saki ruwa kaɗan-kaɗan, sauran za su ɗauke. In ka buɗe inji gaba ɗaya, sai ruwa ya kwanta. Hannun da ya yi aiki mai yawa farat ɗaya, ko ya ƙone, ko miki ya ruɓe a jikinsa, ruwansa ya kan ƙaru, hanya kuwa ta ragu, sai ya kumbura ya yi nauyi. Cikin mata biyar da aka kwashe wa kaluluwar hamata, wajen ɗaya ta kan sami wannan kumburi. Waɗanda aka cire wa kaɗan, abin bai fi kamar ɗaya cikin ashirin ba. Ya fi zuwa cikin shekara biyu ko uku na farko, amma ya kan zo daga baya. In an tare shi da wuri yana lafawa. In ya daɗe ya yi tauri, sai dai lallashi har ƙarshen rai.

To, abokina fa bai ƙago dokarsa daga kansa ba. Likitoci ma da can haka su ke cewa. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 wani likita a Baltimo ta Amurka, William Halsted, ya fito da aikin da a ke cire nono da naman ƙirji da kaluluwa duka. Ya ceci rayuka, amma ya kan bar mace da raunin hannu. A 1948 David Patey a Landan ya nuna ana iya barin babban naman ƙirjin, irin aikinsa ne kuma ya zama tushen wanda aka fi yi yanzu. Duk da haka shekaru da yawa ana ce wa mata kada su ƙara ɗaukar abu mai nauyi da hannun nan har abada. Sai a 1996 wani likita a Bankuba ta Kanada, Don McKenzie, ya tara mata 24 waɗanda aka yi wa maganin cutar, ya horar da su sannu-sannu, ya sa su tuƙin wani dogon kwalekwale na tsere. Ku tambayi Sarkawan Yawuri ko tuƙi aikin rago ne. Aka gama, hannuwansu ba su kumbura ba.

Daga baya aka yi gwaji na sosai a Jami'ar Pensilbaniya, ƙarƙashin wata malama Kathryn Schmitz. A 2009 ta ba da sakamakon mata 141 waɗanda hannunsu ya riga ya kumbura. Aka raba su biyu, rabi suna ɗaga ƙarfe sau biyu a mako har shekara guda, rabi ba sa yi. Cikin masu ɗaga ƙarfe, 14 bisa ɗari ne kumburinsu ya tashi, cikin masu zama kuwa 29 bisa ɗari. A 2010 ta ba da na waɗanda hannunsu bai kumbura ba tukuna. Cikin waɗanda aka cire wa kaluluwa biyar ko fiye, 7 bisa ɗari na masu ɗaga ƙarfe suka kumbura, na masu zama 22 bisa ɗari. Ashe zaman da a ke gani kariya ne, shi ke barin hannu da rauni, ran da wani nauyi ya faɗo masa ba shiri sai ya kasa.

Amma kada wani maigida ya karanta wannan ya shiga gida ya ce, "To, kin ji, jarida ta ce ki ɗauki taɓarya." A'a. Matan nan duka sun daɗe da warkewa daga aikin kafin a sa su cikin gwajin. Da ɗan ƙarfen da bai fi rabin kilo ba suka fara, ana ƙara musu kaɗan-kaɗan, da mai koyarwa tsaye a kansu, masu kumburi kuma suna sanye da matsattsiyar safa ta hannu. Yadda ku ke horar da ɗan maraƙi ke nan. Ba wanda ke ɗaura masa garma ran farko ya ce ya huɗe eka. A kan fara da karkiya kawai, sa'an nan ya ja icce, sa'an nan 'yan kunyoyi da sanyin safiya. Wanda ya yi gaggawa ya kan ɓata san, wanda ya bar shi a turke kuma ba ya samun san noma.

Ga yadda abin ya kan tafi, amma maganar likitan da ya yi aikin ita ce gaba da tawa, don shi ya ga cikin mikin. Tun washegarin aiki a ke fara motsi: ta damƙe hannu ta saki, ta lanƙwasa gwiwar hannu ta miƙe, ta ɗaga kafaɗu ta juya su. Ta ci abinci da hannun, ta sha ruwa da shi. Akwai 'yar robar da a kan bari tana tsiyayar da ruwan miki, kwana kaɗan ko har mako biyu. Kafin a cire ta, yawanci ba a so hannu ya wuce kafaɗa. In an cire, sai ta tsaya gaban bango ta riƙa hawa da yatsu kamar gizo, sau uku ko huɗu a yini. A sami gawayi a riƙa sa alama inda ta kai, don ganin alamar tana hawa ya kan ƙarfafa zuciya. Ta kwanta rigingine ta riƙe kara da hannu biyu ta kai shi bayan kai. Jan fata da ɗan zafi ba laifi ba ne. Wata ta kan ji kamar an ɗaura mata tsirkiya daga hamata zuwa gwiwar hannu, wannan ma miƙewa ke sakinsa. Tafiya da ƙafa kuwa ta yi ta yi kullum, tana rage kasala.

Har mako huɗu zuwa shida ba daka, ba guga, ba tuƙin tuwo, ba wankin manyan kaya, ba ɗaukar yaro mai nauyi. Wannan ba ya nufin ta zauna tana kallon bango. Tsintar shinkafa, da gyaran zogale, da ɓarar gyaɗa kaɗan, da lura da ciniki, duk nata ne.

In likita ya ce miki ya warke, sai a fara hawa. Abin awo yana nan cikin gida, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ta fara da gorar lita ɗaya, sa'an nan biyu, sa'an nan galan, sa'an nan rabin bokiti. Jarkar nan mai lita 25 da yara ke turowa a kura, kilo 25 ce, maganarta sai bayan watanni. Daka ta fara da ƙaramin turmin kayan miya, daga nan surfen mudu guda, ita da wata suna karɓa-karɓa. Kaya a ka ba shi ne abin tsoro ba, ɗorawa da saukewa su ne, saboda haka a ɗora mata a sauke mata. Guga da fartanya da juyin gyaɗa su ne na ƙarshe, domin suna da fizga da maimaici. Kowane mataki ta yi kwanaki a kansa, ta duba hannun da dare, ta sake dubawa da safe. In ya yi nauyi, ko zobe ya matse, ko hannun riga ya kama, ta koma matakin baya. In ta yi hutu na ciwo ko na tafiya, kada ta ɗora daga inda ta tsaya, ta ɗan sauko. A ari tef wurin tela a riƙa auna hannuwan biyu a wuri ɗaya, wata-wata. In na wajen aikin ya fara fin ɗan'uwansa da santimita biyu, a nufi asibiti.

Sai maganar fata, wadda mu manoma mun fi kowa sakaci da ita. Ƙaya, da ƙarangiya, da tsinin kara, da yankan lauje, da cizon ƙwaro, mu ba ma ɗaukarsu komai. A hannun da aka rage wa kaluluwa kuwa, ɗan ƙarcen nan ya isa ƙofar cuta. Ta sa riga mai dogon hannu in za ta roro ko itace, da safar hannu in ta samu. Ta riƙa shafa man kaɗanya, musamman da hunturu lokacin da fata ke tsagewa. In ta ji ciwo ta wanke da sabulu nan take. In hannu ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, ga zazzaɓi, ranar nan a ke zuwa asibiti, ba gobe ba. Ku lura kuma, bayan aikin nan fatar ƙirji da ta cikin dantse ta kan mutu, ba ta jin zafi sosai, sai mai ko tartsatsi ya ƙone ta ba ta sani ba. Masu tuyar ƙosai da ƙuli-ƙuli su kula. Awarwaro da zoben da suka matse a mai da su ɗaya hannun. Goyo ma a dakata da shi, domin ɗaurin zanen daidai kan tabon ya ke bi.

Abu guda zan faɗa da babbar murya, ko da wanzamai abokan arzikina za su ji haushi. Kumburin hannun nan ba mataccen jini ba ne, ba kuwa ƙurji ba ne. Kada a yi masa ƙaho, kada a yi masa tsaga, kada a yi masa sakiya. Duk wanda ya huda shi ya buɗe wa cuta ƙofa, ruwan kuma zai dawo. Maganinsa matsattsiyar safa ko naɗin bandeji irin na asibiti, da wata tausa mai laushi da a ke koya wa mai ciwon, da motsa hannu, da tsabtar fata.

Kada kuma a ɗauka fiɗa ita ce ƙarshen magani. Yawanci akwai maganin da a ke ƙarawa ta jijiya, wanda a ke kira kemo, sau da yawa bayan kowane mako uku, har wata huɗu zuwa shida. Shi ke zubar da gashi, gashin kuwa yana dawowa. Yana kawo gajiyar da barci ba ya kawar da ita, kada a ce mata raguwa. Yana kuma rage sojojin jini masu yaƙi da cuta, musamman mako na biyu bayan kowane ƙari. A wannan lokaci ba ita ba sharar turken awaki, ko kwasar kashin kaji, ko shiga ƙurar tsohon rumbu. In zazzaɓi ya kama ta, kada a ce na sauro ne a aika yaro kemis, a kai ta inda a ke mata magani. Gashi da na'ura kuwa Litinin zuwa Juma'a a ke yi, mako uku zuwa biyar, sai an tare a birnin da na'urar ta ke. An kafa irinta a Shika ta Zariya, da Sakkwato, da Abuja, a 2025 aka buɗe wata cibiya a Katsina, a Yamai kuma an fara a 2021. A tambayi likita inda ke aiki kafin a ɗauki hanya. Wurin da aka gasa a kare shi daga rana da ƙaiƙayi, a kuma ci gaba da miƙe kafaɗa, don naman ya kan ɗaure bayan watanni. Waɗansu a kan ba su ƙwayar tamoksifen su sha kullum shekara biyar ko fiye. Jin ƙarfi ya dawo ba dalilin barinta ba ne.

Na san abin da wani ke cewa yanzu: "Malam, kai mai albashi ne. Mu da muka sayar da sa muka biya asibiti, wa zai yi mana daka wata biyu?" Tambaya ce ta gaskiya, ba ni kuwa da amsar da ba ta cin kuɗi. Amma ku yi lissafi irin na kasuwa. Ku haɗa kuɗin niƙa a inji, da na ɗan garuwa, da na 'yan ƙodagon da za su kama mata gayauna. Sa'an nan ku haɗa kuɗin mota, da gado, da wankin miki, da kakar da Gwaggo ta rasa. Wanda ya sayar da sa don aiki, ya ƙi sayar da akuya don hutu, yana wasa da kuɗin san ne. Gayya ma ba ta mutu ba. In ana kiranta don gonar mai gari, ana iya kiranta don gonar mai jinya. Ku tambaya kuma a ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibiti. A 2021 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun taimakon marasa ƙarfi wanda ya haɗa da masu wannan cuta, aka fara da asibitoci shida, ciki har da Shika da Gwambe da Abuja. Tambaya ba ta cin ko sisi.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a zaure, amma shi ke tura mata da yawa ga muciya tun miki na ɗanye. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, girki da kwana tare su ke tafiya. Wadda aka cire wa nono ta riga ta shiga zullumin matsayinta wurin miji. In aka ce ta bar girki, sai ta ji kamar an ce ta bar ɗakinta. Saboda haka za ta tashi ta tuƙa tuwon mutum goma sha biyar tana cije leɓe, ba za ta gaya wa kowa ba. Maganin wannan a bakin maigida ya ke. Ya tara su ya faɗa a sarari, cewa wance za ta kama mata girki zuwa lokaci kaza, kwananta kuwa yana nan daram. In daga baya abokiyar zaman ta haihu ko ta kwanta ciwo, a rama mata.

'Yan kasuwa, ku ma da naku. Matar da ta shekara goma tana kawo maka mai ko daddawa, in ta kwanta, ka aika mata cewa wurinta na nan. Kalmar nan kaɗai da ta hana Gwaggo taɓa turmi. 'Yan adashi su ba ta kwasar farko, ko su ɗaga mata zubi. Masu ɗaukar mata aikin yini a wurin gyaran riɗi da zoɓorodo da shinkafa, ku ba ta na zaune, tsinta da ɗinkin buhu, ku bar jan buhu ga wasu. Ku kuwa malaman ofis, ku a ke kawo wa takardar asibiti ku karanta. Takardun nan sau da yawa daga na Turai aka kwaikwayo su, suna maganar tuƙa mota da na'urar share ɗaki. Ku raka ta wurin likita ku faɗa masa aikinta da sunansa: tana daka mudu kaza kullum, rijiyarsu gaba kaza ce, tana juyin gyaɗa sau biyu a mako. Likita ba zai ba da ranar komawa ga aikin da bai san ana yi ba.

Wani zai ce, tun da haka ne, a bari sai an gama aikin gona a je asibitin. Wannan ita ce dabarar da ta fi duka muni. Ƙarin da aka ji a nono da shuka, ba ya tsayawa jiran girbi. Yana ƙarami ne a kan iya cire shi kaɗai a bar nonon, a taɓa kaluluwa kaɗan, hannu ya tsira. In ya girma sai a kwashe hamata duka, wani lokaci ma aiki ba ya yiwuwa. Yawancin kullutun nono ba daji ba ne, amma yatsa ba ya rarrabewa, sai an ɗebi ɗan nama an auna. Rashin zafi kuma ba shaidar lafiya ba ne, don na dajin sau da yawa ba ya zafi da fari.

Gwaggo dai yanzu shekararta uku da aikin. Hannun ya ɗan kumbura a shekara ta biyu, bayan ƙayar bagaruwa ta soke ta, amma an tare shi da wuri, tana sa safarta in za ta yi aiki. Ta koma fid da mai, ita da matar ɗanta, ita ke fara juyi, yarinyar ta ƙarasa matsa. Bara da kanta ta cire gyaɗar gayaunarta, kwana huɗu a maimakon biyu. Alamun gawayin nan suna nan a bangon ɗakinta, ta hana a shafe. Ran da na ce za a yi wa ɗakin yaɓe, sai ta ce, "Ku yi wa sauran bangon, wannan ku bar mini shi. Akwai wata a unguwar Gabas da za a yi wa aiki bayan Salla, ina so ta zo ta gani."